Duba-Gari a Asibitin Surukinsa

Tashi daga Kano

Ana kiran assalatu na fito da jakata tsakar gida, ranar wata Litinin a tsakiyar damina. Ni duba-gari ne, na daɗe ina leƙa masai da kwatamin mutane, a gaishe ni a gaban ido a zage ni a bayan ido. Wannan karon ofishinmu ne ya tura ni kudancin Kano, in zaga asibitocin maganin gargajiya na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, in ji ko ma'aikatansu sun san yadda ake yi da sharar asibiti, wato rezar da aka tsaga mutum da ita, da audugar da ta sha jini, da kofin ƙaho da makamantansu. Wanda na ce ya sani a ba shi rajista, wanda na ce bai sani ba a rufe masa ƙofa sai ya gyara.

Aikin ba shi da wuya in ban da abu guda. Asibitin ƙarshe, wanda ke Doguwa, na surukina ne, Baba Malam, mahaifin matata Hadiza. Na je wa shugaban sashenmu da maganar, na roƙe shi ya tura wani. Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ma ya zaɓe ni, don in baƙo ya je tsohon zai kore shi, amma ba ya korar mijin 'yarsa. Ka ji hikimar manya. Kuɗin tafiya kuwa na riga na karɓa har na taɓa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Hadiza ta rako ni har zaure. Ta miƙo min ƙullin ƙosai, amma ba ta saki ba sai da ta gama maganarta.

"Abban Ummi, tun kafin a haife ni Baba yake wannan aikin, ba wanda ya taɓa rufe masa ƙofa. Kada a fara da hannunka."

Na ce in Allah ya yarda. Ta ce ba irin in Allah ya yardar ma'aikatan gwamnati take so ba.

Motar ofis, an ce min, ta tafi wani muhimmin aiki. Daga baya na ji muhimmin aikin kai amarya ne. Don haka na nufi tashar Na'ibawa da takalmin robata mai tsawo har gwiwa, na shiga wata ƙaramar mota da aka ƙera don mutum biyar, direba ya zuba mu takwas ya ce saura ɗaya. Da na yi ƙorafi ya dube ni ta madubi ya ce in ina son sarari ga titi nan, ba kowa a kai. Muka ɗauki hanyar Zariya gari yana wayewa, muka wuce Kura da gonakin shinkafarta, gwiwar wani bawan Allah tana cikin haƙarƙarina har na sauka.

Bebeji

Daga bakin titi na hau babur zuwa cikin gari. Asibitin farko ba ya ɓata, don allonsa ya fi ƙofarsa girma, an jera cututtuka tun daga basir har shafar aljanu. Wani matashin magidanci sanye da farar rigar likita ya tarbe ni, ana ce masa Dakta, shi ma yana amsawa ba ko tari. Na tambaye shi ko ya san yadda ake raba shara. Wallahi ban rufe baki ba ya fara zubo karatu. Baƙin bokiti na sharar gida, ruwan ɗorawa na abin da ke ɗauke da cuta, ja na abin da ya jiƙe da jini, reza da allura kuwa a akwatin kwali, in ya kusa cika a rufe. Ya ce sun je taron bita a Kano, har da shinkafa da kaza, a can aka raba musu bokitan. Ni da nake koyar da abin, da aka ce in maimaita a lokacin, sai na yi tuntuɓe kafin in kai inda ya kai.

Na ce masha Allah, a nuna min bokitan. Suna nan a jere a kan benci, tsaf, suna ƙyalli. Na buɗe ruwan ɗorawa, na tarar da jiƙon maganin shawara. Na buɗe ja, maganin ƙarin jini. Baƙin kuwa garin habbatus sauda ne har baki. Dakta ya ce kowane magani da launin da ya dace da shi, ba a taɓa rikicewa. Da na tambayi shara fa, sai ya dube ni da tausayi.

"Yallaɓai, sabon bokiti mai murfi, a zuba masa ƙazanta? Ai almubazzaranci ne."

Sharar tana bayan ƙofa, cikin tsohon buhun taki, auduga da reza da ɓawon gyaɗa duk an zama 'yan uwa. Wata akuya ta zura kai ciki tana nata binciken. Na yi musu wa'azi mai tsawo a kan ciwon hanta da cutar ƙanjamau, na nuna musu takalmina na ce ko sau ɗaya kada su taka wurin shara da silifa. Suka yi ta gyaɗa kai. Da zan tafi Dakta ya rako ni yana murmushi, ya ce ashe ni ne surukin Baba Malam na Doguwa? Ai duk a hannunsa suka koyi ƙaho. Ya ce su ba sa neman alfarma, abin da na rubuta wa malaminsu shi zan rubuta musu. Na ci soyayyen kifin Bagauda a bakin hanya, kifi mai kyau, amma bai yi min daɗi ba.

Yako, ƙasar Ƙiru

Zuwa Yako babur ne, hanya kuwa ta sha ruwa. Ɗan acaɓan ya ce in riƙe shi da kyau, kuma in mun faɗi kada in ɗauka da gangan ne. Ba mu faɗi ba, amma mun yi ruku'u sau biyu. Dawa da masara sun kai kafaɗa a hagu da dama, manoma sun duƙufa, ba wanda ya ɗago ya kalli babban jami'in da ke wucewa da taɓo har ƙeya.

Asibitin nan na ɗori ne da ƙaho. Maigidan ya tafi gona, sai wata dattijuwa, Malama Asabe, mai yi wa mata ƙaho. Ita ma ta ci jarrabawa, ba tambayar da ta kuskure. Safar hannu, ta ce, dole ce, kuma suna da ita. Ta nuna min igiyar shanya, ga safar nan guda biyu, an wanke su da sabulu an rataye kusa da zanin goyo, sun yi tsufan da yatsa ɗaya ya fi sauran tsawo. Akwatin jefa reza kuwa yana rataye a bango cikin ledarsa, ba a ko haɗa shi ba, an ba shi wurin da ya kamaci hoton maigida. Rezar da aka yi aiki da ita tana shiga gwangwanin madara, in ya cika a juye a bola.

Na gyara murya zan fara wa'azi, ta riga ni. Ta ce akwati ɗaya aka ba su, in suka cika shi, me za su nuna wa baƙi irina? Kuma da aka ba su an ce mota za ta riƙa zuwa tana kwashewa, yau damina ta biyu ko ƙurar motar ba su gani ba. Na so in gaya mata motar tana kai amare, sai na ga sirrin ofis ne. Na dai yi wa'azina a gajarce, na nuna takalmi, ta yaba da shi ta ce zai yi kyau a fadama. Ta ba ni fura da nono mai sanyi, sannan ta ce in gaida Baba Malam, kuma Allah ya ba ni sa'a, don ita ba ta taɓa ganin suruki ya je binciken suruki ya dawo da aurensa ba. Dariya take yi, ni kuwa na ajiye ƙwaryar na yi mata sallama.

Tudun Wada

Na fito Kwanar Ɗangora da la'asar, na samu motar Tudun Wada mai ɗauke da buhunan taki da mu a kansu. A garin na kama ɗaki a wani masauki da mai shi ya rantse ba sauro. Ya yi gaskiya ta wata fuska, don sauron ba baƙi ba ne, su ne masu ɗakin. Na ci dafa-dukar shinkafar garin, wadda ita kam ba ta da abin kushe. Hadiza ta kira ta ce an yi wa Baba waya, ya sa an kama zakara saboda ni. Na kwana ina juyi, gaba kura baya sayaki.

Da safe na je asibitin da ke bayan kasuwa. Mai shi Alhaji ne mai fara'a, ya ce shi ya wuce matakin bokiti, ƙonawa yake yi kamar yadda aka koyar. Na ji daɗi har na fara sa masa albarka a zuci. Ya ja ni bayan asibitin, ya nuna min murhu mai duwatsu uku, ga babbar tukunyar maganin sanyi tana tafasa a kai ba murfi, ga auduga da kofunan roba suna ci a ƙarƙashi, baƙin hayaƙi yana tashi yana leƙa tukunyar. Ya ce wuta ɗaya aiki biyu, itace ya yi tsada. Tokar kuma maƙwabcinsa yana kaiwa gona. Ya ɗebo min maganin a kofi in ɗanɗana, na ce ina azumi, alhali bakina yana ƙanshin waina.

A nan na fara fahimtar abin da zan kai wa ofis. An aiko ni in auna sani, kuma sani kam ya wadata, ko'ina ka taɓa sai ya zubo. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Dajin Falgore

Motar Doguwa ta tashi da hantsi. Muna shiga daji hira ta mutu, kowa ya koma salati, har wani da tun daga tasha yake zagin gwamnati. A shingen sojoji aka ce mu sauko. Wani soja ya dubi takalmina ya tambaya ko noma zan je. Na ce duba-gari ne ni. Ya waiga ya dubi daji hagu da dama, ya ce to ga shi nan, in duba. Ruwa ya tsuge mana kafin mu fita dajin, gilashin ɓangarena kuma ba ya rufuwa, direba ya ce albarka ce.

Doguwa

Na isa bayan azahar, ruwa ya ɗauke, duwatsu sun yi shar, ga rake ko'ina. Asibitin Baba Malam jerin ɗakuna ne a jikin gidansa, da babbar bishiyar darbejiya a gaba. A gindinta yake zama kullum a kan kujerarsa ta katako, carbi a hannu, marasa lafiya suna jira a kan benci. Tun daga nesa na hango shi.

Wanda ya san surukuta ya san abin da ya biyo baya. Ba ka tunkarar surukinka da takalmi, ba ka tsayawa a kansa, ba ka haɗa ido da shi. Tun da na auri Hadiza ban taɓa ganin ƙwayar idon Baba Malam ba, hularsa da yatsun ƙafarsa na sani. Don haka ni da na ratsa ƙananan hukumomi uku ina ɗaga ƙafa ina nuna wa mutane takalmi, na tsaya nesa na tuɓe shi, na jingine a bango, na tako jiƙaƙƙiyar ƙasa da tafin ƙafata, na zo na tsuguna a gabansa. Marasa lafiya suka yi ta yaba tarbiyyata.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Ummi da uwarta da damina. Sai maganar aiki. Ba zan iya yi masa tambaya kai tsaye ba, don haka babban ɗansa, Yaya Sani, ya zauna a tsakani. In faɗa wa Yaya Sani a hankali, shi ya maimaita wa Baba, Baba ya amsa masa, shi ya maimaita min, alhali duk tabarma ɗaya za ta ɗauke mu.

Baba Malam ne mutum na farko a tafiyar nan da ya faɗi jarrabawa. Bai san launin bokiti ko ɗaya ba. Ya ce shi ba ya zuwa bita, yaran da ya koya wa riƙe ƙaho ne suke zuwa su ci kaza. Amma da aka zo kan jini sai muryarsa ta canza. Ya ce jinin ɗan Adam amana ne, ba a zubar da shi a bola kare ya lasa. Duk wanda ya yi wa ƙaho, da hannunsa yake haɗa jinin da audugar da rezar ya binne, kuma ba ya binnewa a bayan gari, don kada wani mugu ya bi sawu ya tone ya yi wa mai jinin asiri. Inda idonsa yake gani yake binnewa.

Gaskiya raina ya yi sanyi. Na ce a zuciyata ga wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, ga kuma mafita ta samu, in rubuta cewa yana binnewa, in koma gida da mutuncina. Na ce wa Yaya Sani ya tambaya a ina ramin yake. Baba ya miƙa hannun da ke riƙe da carbi ya nuna.

"Ga shi nan inda yake tsugune."

Na dubi ƙasa. Ruwan damina ya zaizaye gindin bishiyar, ga wani abu baƙi-baƙi yana leƙowa nan da can, wanda da na ɗauka ɓawon itace ne. Na zabura na ja da baya ba tare da na duba ba, na sauke diddigena da duk nauyina. Ban ji zafi nan take ba, sanyi na ji ya shiga ƙafata, sannan jini ya biyo.

Baba Malam ya tashi daga kujerarsa, abin da ba ya yi wa kowa, ya durƙusa ya kama ƙafata da hannu biyu. Surukina, riƙe da ƙafata, a gaban jama'a. Na so ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna abin da ke cikin ƙasar. Ya zare guntun reza mai tsatsa ya ɗaga. A nan na manta da Yaya Sani, na dubi tsohon ido cikin ido, karo na farko a rayuwata.

"Baba, rezar waye wannan?"

Ya daɗe yana juya ta a yatsunsa. Yaya Sani ya fara cewa ai masu zuwa nan duk mutanen kirki ne, Baba ya ɗaga masa hannu ya yi shiru.

"Allah ne ya sani," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, irin wanda nake ta rabawa mutane a wa'azi ban taɓa ɗanɗanawa ba. Na tuna Hadiza, na tuna Ummi. Na kuma ga jikokin gidan suna guje-guje a ƙarƙashin bishiyar nan ba takalmi. Aka wanke ciwon aka ɗaure, Yaya Sani ya samo mota muka juya Tudun Wada, muka sake ratsa Falgore, wannan karon ni na fi kowa salati. A asibitin gwamnati wata nas ta yi min allurar da ake yi wa wanda ƙarfe ya yanka, aka ɗebi jinina, aka ba ni ƙwayoyin da zan sha wata guda cur, aka ce in dawo gwaji bayan 'yan watanni, kuma kafin nan in yi hattara da iyalina. Da ta ji sana'ata sai ta tambaya ina takalmina yake lokacin. Na ce yana jingine a bango yana hutawa. Zakaran Baba dai ban san wanda ya ci shi ba.

Komawa gida

Washegari na shiga motar Kano, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a leda, na iso gida da la'asar. Hadiza ta ga ɗingishi tun daga zaure. Na zauna na ba ta labari tun daga kan carbi har kan ƙwayoyi, ban rage komai ba. Ta saurara, ba ta katse ni ba. Da na gama ta tambayi abin da na san za ta tambaya.

"To me za ka rubuta?"

"Abin da na taka."

Ta ɗora ruwan zafi ta kawo min, ta ɗauki wayarta ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ban ji abin da ta faɗa wa mahaifinta ba, na dai ji ta daɗe, kuma ta fito idonta jajir. Na kai rahoto ofis kamar yadda na gani, aka dakatar da asibitocin huɗu har sai sun gyara, na Baba Malam a ciki. Shugaban sashenmu ya yaba da jarumtata, ya ce dama ya san ni ne daidai da aikin. Ni dai a gida tuwo yana zuwa a kan lokaci, amma hira ta yi ƙaranci, kuma daga Doguwa shiru, ko gaisuwar Juma'a da aka saba.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ina kuma roƙonsa ya sa gwajin da nake jira ya fito lafiya. Ina godiya ga Malama Asabe da furarta, da ɗan acaɓan Yako da bai kayar da ni ba, da nas ɗin Tudun Wada da ta yi dariyarta a ciki. Motar ofis ma ina mata fatan alheri, na ji an kusa gama bukukuwa.

Shekaranjiya da yamma Yaya Sani ya kira, Hadiza tana kusa tana tsince shinkafa. Ya ce Baba ya sa an tone gindin darbejiya kaf, shi da kansa ya tsaya a kai, abin da aka fitar ya kusa rabin buhu, kuma tun ranar ya hana yara zuwa wurin. Ya ce Baba yana so in zo in nuna inda za a haƙa rami mai zurfi da yadda za a rufe shi. Na ce to, in Allah ya yarda, irin ta gaske. Yaya Sani ya ci gaba, kamar mai jin nauyin abin da aka aiko shi da shi.

"Ya kuma ce in gaya maka, in ka zo kada ka cire takalmi."

Hadiza ta ajiye farantin shinkafar ta rufe fuskarta da mayafi.